Mu Daina Sha'awar Tankar da ta Taka Kakanninmu

A daren Alhamis ɗin da ya wuce na zauna a ɗakin wani abokina a ɗakunan kwanan maza, na tarar da samari biyar suna gardama kamar za su doki juna. Da na kasa kunne sai na ji ashe a kan tankokin yaƙi ne, watau tsakanin Tiger ta Jamus da T-34 ta Rasha wace ce ta fi. Ɗaya ya kawo nauyin Tiger, tan 57, da faɗin bakin igwarta, milimita 88, bai yi tuntuɓe ba. Wani ya lissafa mutum biyar da ke cikinta, kwamanda da maharbi da mai ɗura harsashi da direba da mai rediyo, kamar yana lissafa 'yan gidansu. Da gardama ta lafa na tambaye su, "To malamai, barikin Dalet da na Kalapanzin da ke Kaduna, da na Chindit da ke Zariya, daga ina suka samo sunayensu?" Ɗaki ya yi tsit. Ɗaya daga cikinsu ma ɗan bariki ne, a nan aka yanke cibiyarsa. Wannan shirun shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da nake son faɗi a taƙaice shi ne, littattafan sojoji da mayaƙan tanka da suka cika akwatunanmu da wayoyinmu, waɗanda muke saye a gwanjo muna ara wa juna har bangonsu ya yage, mafi yawansu takardun kāre kai ne da masu laifi suka rubuta bayan an ci su da yaƙi. Mu kuwa mun karɓe su hannu bibbiyu a matsayin tarihi. Sun cusa mana son ƙarfe da raina ɗan Adam, sun sa muna yi wa mayaƙan Hitila kirari, alhali labarin kakanninmu da suka yi wannan yaƙin da kaya a ka ba mu san ko farkonsa ba. Wannan abin kunya ne ga ɗalibin jami'a, kuma haɗari ne ga ƙasar da wannan ɗalibi zai riƙe gobe.

Ban musa ba, littattafan nan suna da daɗin karatu. Mutum biyar a kulle cikin akwatin ƙarfe, zafi da hayaƙi da ƙarar inji, kowa ransa a hannun ɗan'uwansa, in direba ya yi kuskure duka su ƙone. Wane saurayi ne ba zai so labarin irin wannan amana ba? Ni ma na kwana ina karanta su ga gwajin safe yana jirana. Amma daɗin magana ba shi ne gaskiyarta ba. Malamanmu na tarihi sun koya mana tun a shekarar farko cewa kafin ka gaskata takarda sai ka tambayi wanda ya rubuta ta, da lokacin da ya rubuta, da abin da yake nema. Bari mu yi wa waɗannan littattafai wannan tambaya.

Mu fara da uban tafiyar, Janar Heinz Guderian, wanda littafinsa ya fito da Jamusanci a 1951, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1952 da sunan Panzer Leader, watau Jagoran Tankoki. Wanda ya karanta shi zai ga gwanin soja, mai faɗa wa Hitila gaskiya ido da ido, wanda babu ruwansa da siyasa. To ga abin da masu bincike suka tono. Wannan janar ya karɓi kyautar katafariyar gona daga hannun Hitila a ƙasar Folan da aka mamaye, bayan an kori masu ita daga gidansu. Bayan yunƙurin kashe Hitila na watan Yuli 1944, ya zauna a kwamitin da ya riƙa tuɓe wa 'yan'uwansa hafsoshi kaki don a miƙa su ga kotun da ta aika da su ga igiya. Akwai kuma umurnin 6 ga Yuni 1941, wanda ya ce duk jami'in siyasa na sojan Rasha da aka kama a harbe shi nan take. Guderian ya nuna a littafinsa cewa wannan umurni bai yi aiki a rundunarsa ba, amma rahotannin rundunar da kanta, da ke ajiye har yau, sun nuna an harbe su. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyunsa shi ne Erich von Manstein, mai littafin Lost Victories, watau Nasarorin da Suka Kuɓuce, wanda ya fito a 1955. Sunan kaɗai ya isa ya faɗa maka manufar, wai da Hitila ya bar janar-janar sun yi aikinsu da sun ci yaƙi. Shin kafin ya zauna rubutu ina ya fito? Daga kurkuku. Kotun sojan Ingila da ta zauna a Hamburg a 1949 ta same shi da laifuffukan yaƙi, ta ɗaure shi shekara 18, aka sake shi a 1953. A ranar 20 ga Nuwamba 1941 ya sa hannu a kan umurnin da ya nemi sojojinsa su fahimci wajibcin azabtar da Yahudawa, a daidai lokacin da ake karkashe su dubbai a yankin da yake riƙe da shi. Sa'an nan ga Paul Carell, wanda littattafansa kan yaƙin Rasha suka sayu kamar ƙosai a duniya. Sunansa na gaskiya Paul Karl Schmidt, hafsa ne a ƙungiyar SS, kuma shi ne kakakin ma'aikatar harkokin waje ta Hitila. Watau maroƙin fada ne ya sake suna ya dawo a matsayin malamin tarihi, mu kuma muka shimfiɗa masa buzu.

Mai karatu zai ce, to in haka ne, yaya aka yi Turawan da suka ci su da yaƙi suka buga musu littattafai, har mashahurin marubucin soja na Ingila, Liddell Hart, ya rubuta wa Guderian gabatarwa? Amsar tana cikin siyasar da ta biyo bayan 1945. Da aka gama da Hitila sai Amurka da Rasha suka juya wa juna baya. Amurka tana bukatar mutanen da suka san yaƙi da Rasha, tana kuma bukatar sabuwar rundunar Jamus ta Yamma, wadda aka kafa a 1955. Ba a gina sabuwar runduna da hafsoshin da duniya ke kira masu kisan gilla, saboda haka dole a wanke su. Sashen tarihi na sojan Amurka ya tara ɗaruruwan tsofaffin hafsoshin Jamus ƙarƙashin Janar Franz Halder, tsohon shugaban ma'aikatan sojan Hitila, suka rubuta rahotanni fiye da 2,500, kuma a 1961 Amurka ta ba Halder lambar yabo. Daga wannan masaƙa aka saƙa tatsuniyar nan mai cewa sojan Jamus hannunsa fari ne, duk ta'asar Hitila ne da 'yan SS suka yi. Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Waɗannan fadawa kuwa da sarki ya mutu sai suka juya karin maganar, suka jibga masa kayan duka, tun da gawa ba ta musu. Jamusawa da kansu sun yi watsi da wannan tatsuniya, musamman tun daga baje kolin hotuna da takardu da aka fara a Hamburg a 1995 kan laifuffukan rundunar. Mu ne kaɗai har yanzu muke goyon gawar da masu ita suka binne.

Yanzu mu duba abin da littattafan suka tsallake. Daga cikin fursunonin yaƙi na Rasha kimanin miliyan 5.7 da Jamus ta kama, kimanin miliyan 3.3 sun mutu a hannunta, akasari da yunwa da sanyi da cuta, kuma sansanonin da suka mutu a ciki na rundunar soja ne. Tarayyar Sobiyet ta yi hasarar rayuka kimanin miliyan 27, mafi yawansu farar hula. A littafin mayaƙin tanka ƙauye suna ne a kan taswira, an shiga da safe an wuce da azahar. Matan da ke ciki da yara da rumbunan da aka kwashe ba su da shafi. Hatta siffar yaƙin kanta an murguɗe ta. Sa'ad da Jamus ta faɗa wa Rasha a watan Yuni 1941, ta shiga da mutum wajen miliyan 3 da tankoki dubu uku da 'yan ɗaruruwa, amma dawakin da suka ja mata igwa da abinci sun haura 600,000. Mafi yawan sojanta a ƙasa suka taka har bakin Mosko. Ita Tiger ɗin da muke rantsuwa da ita, duka-duka kimanin 1,350 aka ƙera, ga shan mai, ga yawan lalacewa, alhali Amurka ta ƙera Sherman kusan 50,000. Wanda ya san yaƙin ta bakin Otto Carius, mai littafin Tigers in the Mud na 1960, ya leƙa ta ƙofar allura ne ya ce ya ga duniya.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda nake so kowane ɗalibi baƙar fata ya riƙe, shi ne abin da ya faru a Chasselay, wani ƙauye a arewacin birnin Liyon na Faransa, ranar 20 ga Yuni 1940. Faransa tana da rundunonin baƙar fata da take kira 'yan Senegal, ko da yake daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta take kwaso su, har da Nijar. An umurci runduna ta 25 daga cikinsu ta tsare hanyar Liyon. Suka yi yaƙi har harsashi ya ƙare, suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware farare gefe guda, suka kora baƙaƙen zuwa wani fili, tankoki suka buɗe musu wuta da bindigogi masu sarrafa kansu, sa'an nan suka bi ta kan waɗanda suka faɗi suka markaɗe su da sarƙar ƙafafunsu. Kimanin mutum 50 aka kashe a wannan fili. Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan 'yan SS, sai a 2019 wasu hotuna da wani sojan Jamus ya ɗauka a wurin suka bayyana, suka nuna cewa mayaƙan tanka ne na runduna ta 10 ta sojan ƙasa, rundunar da wata guda kafin nan ta ƙetare kogin Meuse a Sedan ƙarƙashin Guderian. Masanin tarihi Raffael Scheck, a littafinsa na 2006 mai suna Hitler's African Victims, ya ƙiyasta cewa sojojin Afirka tsakanin 1,500 da 3,000 aka yi wa irin wannan kisa a watannin Mayu da Yuni 1940. A Chasselay akwai maƙabarta da aka gina da jar katanga irin ginin Sudan, inda 188 daga cikinsu suke kwance. To ɗan'uwa, in ka manna hoton tankar Jamus a bangon ɗakinka, ka tambayi kanka, da kana wannan fili a wannan rana, a cikin tankar za ka kasance ko a ƙarƙashinta?

Kada wani ya zaci Jamusawa kaɗai nake zargi, domin laifi tudu ne. Rashawa ma sun saƙa tasu. Shekaru da yawa littattafansu, bisa ga bayanin Janar Rotmistrov, suna cewa a Prokhorovka ranar 12 ga Yuli 1943 an ragargaza ɗaruruwan tankokin Jamus a karo guda. Da aka buɗe ɗakunan ajiyar takardu bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, masu bincike, har da Barashe Valeriy Zamulin, suka nuna cewa rundunar Rotmistrov ce ta yi hasarar tankoki fiye da 200 a wannan rana, hasarar Jamus kuwa ba ta kai ko kusa ba. Janar ya rufe ɓarnarsa da kirari. Akwai kuma 'yan kasuwar jini irin Sven Hassel, mutumin Denmak, wanda ya rubuta littattafai 14 a kan wasu mayaƙan tanka 'yan kurkuku, ya ce da shi aka yi. Masu bincike a ƙasarsa sun daɗe suna ƙaryata wannan da'awa. Gaskiya ne mutanen littafinsa suna zagin Hitila, amma abin da yake sayarwa shi ne kisa da fyaɗe da maye a matsayin abin dariya, kuma wanda ya saba dariya a kan gawa zuciyarsa ta fara ƙeƙashewa ko bai sani ba.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a wancan dare. Na ɗaya, wai nishaɗi ne kurum, mutum ya huta daga lissafi da kimiyya. To in nishaɗi ne me ya sa kuke kawo su hujja a gardama? Me ya sa na ji ɗalibin shari'a, wanda gobe zai hau kujerar alƙali, yana cewa sojan Jamus mutanen kirki ne, shugabansu ne ya ɓata su? Ba a ajin tarihi ya ji wannan ba, a littafin gwanjo ya tsinta. Abin da ya shiga kai ta ƙofar nishaɗi ya fi wuyar fita, domin ba a tsayar da shi an bincika kayansa ba. Na biyu, wai ana koyon dabarun yaƙi. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi ga hafsan da ke kwalejin soja, wanda malami zai ɗora masa littafin Manstein a dama da takardun kotun Hamburg a hagu. Amma wace dabara ɗalibin aikin gona zai koya daga mutanen da suka fara yaƙi da manyan ƙasashe uku a lokaci guda, suka ƙare da ƙasarsu a rushe, a rabe biyu har shekara 45? Na uku, wai ina neman a hana karatu. A'a, Allah ya kiyaye. Ƙona littafi aikin 'yan Hitila ne, su ne a watan Mayu 1933 suka jefa littafin Erich Maria Remarque, All Quiet on the Western Front, cikin wuta, saboda ya nuna yaƙi yadda ƙaramin soja ya gan shi. Ku karanta Guderian, amma ku karanta shi yadda alƙali ke sauraron wanda ake tuhuma.

Kuma littattafan gaskiya suna nan ga mai nema, har a kan mayaƙan tanka. Keith Douglas, matashin Ingila mai waƙa, ya tuƙa yaƙi cikin tanka a hamadar Afirka ta Arewa, ya rubuta Alamein to Zem Zem, inda bai ɓoye tsoro da kwasar ganima da ƙonannun gawawwaki ba. An kashe shi a Normandi a watan Yuni 1944 yana da shekara 24, littafin ya fito a 1946, bai sami damar gyara sunansa don wata kotu ba. Vasily Grossman ya bi sojan Rasha daga Stalingrad har Balin a matsayin ɗan jarida, ya rubuta Life and Fate, 'yan sandan ciki suka ƙwace rubutun a 1961, sai a 1980 aka buga shi a ƙasar waje. Littafin da gwamnatin marubucinsa ta ji tsoro ya fi cancantar amana a kan wanda gwamnati ta ɗauki nauyi. Svetlana Alexievich ta bi ɗaruruwan matan da suka yi wannan yaƙi gida gida ta ɗauki maganarsu, littafin ya fito a 1985. In kuwa lalle sai tanka, ku nemi labarin bataliya ta 761 ta baƙaƙen Amurka, waɗanda suka yi kwana 183 a bakin daga a Turai alhali a ƙasarsu ba su isa su zauna kujera ɗaya da farare a mota ba, kuma sai a 1978 shugaban ƙasarsu ya ba bataliyar lambar girmamawa.

Mu dawo ga tambayar da na yi a ɗakin abokina. Dalet da Kalapanzin wurare ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, haka Myohaung da Arakan da aka raɗa wa barikoki a Ikko. Chindit kuwa sunan dakarun da aka jefa bayan layin Japanawa ne, waɗanda a 1944 akwai bataliyoyi uku na sojan Nijeriya a cikinsu. Mutanen Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne Ingila ta kai wannan fage cikin runduna ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya. A dazuzzukan Kaladan babu hanyar mota balle ta tanka. Abin da ya maye gurbin mota shi ne kan baƙin mutum, dubban 'yan dako sanye da kaki, da yawansu ba a ba su ko bindiga ba, suna ɗauke da harsashi da abinci da sassan igwa suna hawan duwatsu cikin ruwan sama. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung. A unguwarmu akwai wani tsoho, Allah ya jiƙansa, da muke kira Baba Ɗan Bama, muna yara muna tsokanarsa in ya fara fareti shi kaɗai. Ya rasu ba wanda ya zauna da takarda a gabansa. Ni da nake wannan rubutu na san sunan jikan injin Tiger, ban san bataliyar Baba ba. Laifin da nake zargin abokaina da shi nawa ne tun kafin ya zama nasu.

Kaɗan daga labarin ya tsira. Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, Japanawa suka harbe shi a bakin kogin Kaladan a watan Maris 1944, wani manomi Musulmi na yankin ya ɓoye shi shi da wani abokinsa ɗan Saliyo, yana ciyar da su wata tara yana kasada da ransa. Fadoyebo ya rubuta wannan da hannunsa, aka buga a 1999, ɗan jarida Barnaby Phillips kuma ya faɗaɗa shi a Another Man's War a 2014. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya rubuta Burma Boy a 2007. John Hamilton, hafsan da ya yi aiki da runduna ta 81, ya rubuta War Bush a 2001. Da Hausa kuwa, muna da waƙar Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur da labaran da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riƙa bugawa lokacin yaƙin. Ɗalibai nawa ne a wannan jami'a suka taɓa buɗe ɗaya daga cikin waɗannan? Sojojin da suka yi yaƙi da Hausa a bakinsu, jikokinsu sai sun bi ta Ingilishi kafin su ji labarinsu, in ma sun nema.

Cutar kuma ba ta tsaya a yaƙin Hitila ba. Yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 manyan hafsoshi ne suka fi rubuta shi. A 1980 kaɗai Janar Obasanjo ya fitar da My Command, Janar Madiebo na ɓangaren Biyafara ya fitar da nasa. Ba na cewa kada janar ya rubuta, ba na kuma haɗa su da masu laifin Jamus. Abin da nake cewa shi ne janar daga kan taswira yake ganin yaƙi, kuma kowane janar a duniya lauyan kansa ne. Farabiti da kofur da saje, waɗanda aka kwasa daga gona aka ba horon 'yan makonni aka tura, ina littafinsu? Sai da Ken Saro-Wiwa ya ara wa ƙaramin soja baki a Sozaboy a 1985. Bayan su ga waɗanda suka je Laberiya daga 1990, da Saliyo, da waɗanda ke fama a Arewa maso Gabas tun 2009. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mu mun bar mai waƙar yana gadi a ƙofar ma'aikata muna wuce shi ba ko sallama.

Wani zai ce wannan duk me ya shafi ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci? Ya shafe su ƙwarai. Ku ne gobe za ku rubuta takardar sayen makamai, ku ne za ku riƙe fayil ɗin fanshon matar sojan da ya mutu, ku ne za ku rubuta sharhin jarida ranar da wani ya ce a tura soja su share wani gari. Wanda aka rena da labarin da tanka ce jaruma a cikinsa zai ga sayen ƙarfe ya fi biyan haƙƙin mai tuƙa shi muhimmanci, zai kuma ɗauka kowace matsala tana da maganin igwa. Mu a wannan yanki na duniya mun san inda aka fi ganin mota mai sulke, a ƙofar gidan rediyo da asuba ranar juyin mulki, da ƙofar makaranta ranar da ɗalibai suka yi zanga-zanga. Al'ummar da samarinta masu ilmi ke yi wa tanka tafi a littafi, ba za ta rasa masu yi mata tafi a titi ba.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da abu uku, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Na farko, kwamitin ilmi ya ware wani abu daga kuɗin da muke biya ya sayi littattafan da na ambata na Fadoyebo da Bandele da Scheck da Douglas da Grossman, a ajiye su a ɗakin karatun ƙungiya kusa da na janar-janar, mai karatu ya auna da kansa. Na biyu, a hutun da ke tafe kowane ɗalibi ya nemi tsohon soja ɗaya a garinsu ya ɗauki maganarsa da wayar da ke aljihunsa. Mazan Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, domin wanda ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943 ya cika ɗari a 2025, amma 'ya'yansu suna nan, lambobinsu da takardun sallamarsu suna cikin adaka, mazan basasa da na Laberiya kuwa da yawa suna raye. A rubuta abin da suka faɗa da Hausar da suka faɗe shi, wannan mujalla ta ware shafi biyu a kowace fitowa. Na uku, 'yan'uwanmu na sashen Hausa da na tarihi su haɗa kai su leƙa Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, su kuma ɗauki fassarar littafi ɗaya a matsayin aikin kammala digiri, maimakon maimaita abin da aka riga aka maimaita.

Ga abokaina biyar kuwa, ban rubuta wannan don in kunyata ku ba, tun da na riga na faɗi nawa laifin. Ƙwaƙwalwar da ta iya riƙe kaurin sulken Tiger ba za ta kāsa riƙe sunan Kaladan da Chasselay ba. In mun sake haɗuwa daren Alhamis, ni zan zo da lambar bataliyar Baba Ɗan Bama, don na aika gida a tambayo mini wurin 'yarsa. Kowa ya zo da na garinsu.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu ikon rarrabe shaida da kirari.